Minti Arba'in a Cikin Ambulan

Shekara goma sha huɗu na yi ina ɗauke da laifin ɓatar da tauraro. Ba allura ba, ba makulli ba, tauraro sukutum mai wutsiya. Wanda ya ɓatar da akuya yakan yi cigiya a wuce wurin, ni kuwa abin da aka ce na ɓatar ko tsani ba ya kaiwa.

A gidan nazarin taurari na yi aiki, ni da mijina, wanda kowa a can yake ce wa Dogo. Shi yake kwana a saman bene da babban madubin hangen nesa yana ɗaukar hoton sama a kan farantan gilashi. Ni kuma da safe in karɓi farantan, in ɗora a kan na'urar awo, in manna ido in fitar da lambobin inda kowane ɗigo yake. Shekara ashirin da takwas da suka wuce Dogo ya ga wani ɗan dishi-dishi a faranti wanda babu shi a taswira. Tauraro mai wutsiya ne, amma irin marar ƙarfin nan, wutsiyar ma sai in an yi masa kara. Sati uku ya yi ana ganinsa, muka samu faranti tara, ni na auna su duka. Masu lissafi suka ɗauki lambobina suka ce duk shekara goma sha huɗu yake zagayo rana, suka sa masa ranar dawowa da inda zai ɓullo.

Ranar ta zo, aka juya madubi wurin, wayam. Aka yi wata biyu ana lalube. Sai Farfesa, shugaban gidan, ya zauna ya rubuta rahoto, layi ɗaya a ciki ya gama da ni: wai awon farantan bai inganta ba. Bai kira sunana ba, to amma mai awo nawa ce a gidan? Aka ɗauke ni daga ɗakina aka kai ni sito ina gadin kwalaye har na yi ritaya. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, ba wanda ya saurare ni. In na dawo gida ina huci, Dogo ya ce, "Ki yi haƙuri, Allah ya san gaskiya." Har ya rasu shekara shida da suka wuce, bai taɓa canza wannan karatun ba.

Autarmu ce ta gaji aikin. A gidan nazarin take, ita ce mai lissafin hanyoyin taurari da kwamfuta. Ran nan ta shigo ta ajiye jaka ta ce, "Umma, bana tauraron Baba zai sake zagayowa. Na roƙi Farfesa ya ba ni madubi in neme shi, ya ce wanda ya ɓace ya ɓace."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Washegari na ɗauki sandata, gwiwa tana ƙara, na hau benen ofishinsa. Ya tsufa shi ma, sanƙo ya cinye kan. Ya miƙe yana fara'a, wai an yi manyan baƙi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Farantaina tara nake so. Yanzu kuna da injin da yake awo da kansa, ba ya jin tsoron kowa, ba ya neman ƙarin girma. A ba shi ya auna. In ya ƙaryata ni, ni da kaina zan tsaya a bakin ƙofar nan in ce ni na ɓatar."

"Mama, abin da ya wuce..."

"A wurinka ya wuce. Ni da shi nake kwana."

Ya ga ba zan fita ba, ya miƙo makullin sito.

Kwana biyu Auta ta yi tana sa farantan a inji. Ta jera lambobinsa kusa da nawa na tsohon littafi, ta juyo mini da allon. Ko gashi bai shiga tsakaninsu ba. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa hannuna. Amma ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Umma, in awonki daidai ne, to me ya kai lissafin daji?"

Na ce oho, ni dai an wanke ni. Na zauna ina mayar da farantan cikin ambulan ɗinsu. Mu a zamaninmu ba a cusa faranti haka kawai, sai ka hura iska a bakin ambulan ya buɗe, don kada takarda ta karce hoton. Yaran yanzu ba su san wannan ba, zarowa kawai suke yi. Na hura na shida, na leƙa, sai na ga rubutun fensir a ciki, can ƙasa. Ko a mafarki na san rubutun Dogo.

"Lokacin buɗe madubi na rubuta, ba tsakiya ba. A ƙara minti arba'in." Ga kwanan wata a ƙasa.

Ƙa'idar gidanmu ita ce, in an yi minti tamanin ana ɗaukar hoto ɗaya, tsakiyar lokacin ake rubutawa a bayan ambulan, don shi masu lissafi suke aiki da shi. Tauraro tafiya yake yi, ba ya jiran kowa. In ka ce yana nan da ƙarfe kaza alhali sai bayan minti arba'in ya iso, ka ɓata saurinsa, in saurin ya ɓaci kuma bayan shekaru sai ka neme shi inda bai taɓa bi ba. Na hura na bakwai, na takwas, na tara. Duk rubutu ɗaya.

Kwanan watan ne ya tsaya mini a rai. Wata ɗaya ne bayan rahoton Farfesa. Wato Dogo ya sauko sito a ɓoye, ya bincika, ya gano kuskurensa, ya rubuta shi inda ba ido, ya liƙe bakinsa. Shekara takwas yana cin girkina, yana kallona ina kuka, yana ce mini Allah ya san gaskiya. Ashe ba Allah kaɗai ya sani ba.

Ban yi kuka ba. Haushi ne ya cika ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na miƙa wa Auta ambulan na ce, "Karanta, ki ƙara wa huɗun ƙarshe minti arba'in."

Ta karanta. Sannan ta juya ga kwamfuta. Da lissafin ya fito, wurin da za a nema ya matsa da kamar faɗin farin wata sau shida daga inda aka yi ta lalube a da. Farfesa ya ga takardar, ya yi ta shafa sanƙo, ya ce ya ba ta madubin na awa ɗaya, ba ƙari.

Ni ban je ba, gwiwata ta gama da bene. Da safe ta shigo idonta ja, ta buɗe kwamfutar a kan teburin cin abinci. Hoto uku ne na wuri ɗaya, tana sauya su da sauri. Taurari duk suna tsaye cak. A gefen hagu wani ɗan dishi-dishi, kamar an taɓa baƙin zane da yatsa mai gari, yana matsawa kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Kai ne? Ja'iri, ka ga abin da ka ja mini?"

Sati biyu suka yi suna binsa. Auta ta haɗa sabbin lambobin da nawa na shekara ashirin da takwas, hanyarsa ta fito tsaf, tara ɗin nan nawa duk suka hau layi. Ta ce yanzu ko jikokinta za su san ranar da zai dawo.

Saura rahoto, wanda za a aika wa masu nazarin taurari na ko'ina. Farfesa ya kira ni, da ladabi wannan karon, har da kujera mai laushi. Auta ta karanto abin da suka tsara: an gyara lokutan wasu faranti, an sake gano tauraron.

Na ce, "An gyara. Wa ya ɓata?"

Farfesa ya ce, "Mama, ai kowa ya fahimta."

"Wancan karon ma kowa ya fahimta, shi ya sa na ƙare a sito. Rubuta cewa awon daidai yake tun farko, rahotonka ne ya yi kuskure. Rubuta cewa mai ɗaukar hoto ne ya saka lokaci ba daidai ba, kuma ya gano haka tun shekara goma sha huɗu."

Auta ta kama hannuna. "Umma, don Allah a bar kaza cikin gashinta. Sunansa ne a kan tauraron nan. Baba yana kabari, ba zai iya kare kansa ba."

"Ni ina raye shekara takwas a gabansa, ya kare ni?"

Ta fara hawaye. Tausayinta ya kama ni, don ita ubanta take gani, kuma uba ne na kirki, ban hana ba. Ni ma na so shi, har gobe ba na tashi daga sallah ban yi masa addu'a ba. Tauraron nasa ne, shi ya gan shi, ba mai ƙwace masa. Kuskuren ma nasa ne, na gaji da riƙe masa.

Na ce, "Goge idonki ki rubuta, Auta. Ki sa sunana a wurin mai awo, cikakke, kada ki taƙaita."

Farfesa ya sake tura mini kujerar. Ban zauna ba sai da na ga ta aika.