Gidan da Ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Ran da kwamfutar Baban yara ta mutu, ji na yi kamar an sake yi mini rasuwa. Ba don ina aiki da ita ba, ni da ko kunna ta sai na yi addu'a. Gidanmu ne a ciki. Mai zanen gine-gine ne shi, ya zana wa jama'a gidaje ba iyaka, mu kuwa muna zaman haya. Namu yana cikin kwamfutar, kullum yana taɓa shi, kuma ya hana ni gani. "Sai na gama," in ji shi. Bai gama ba ajali ya zo. Ni kuma na kasa buɗewa, kullum sai in ce gobe, har injin ya gaji da jirana.

Na rungume ta na kai shagon ƙaninsa, wanda muke kira Injiniya tun yana lalata rediyon gida da sunan gyara. Shagon ɗan tsukuku ne, wayoyi sun harɗe ko'ina, kujerar baƙi ma sai da ya kwashe matattun kibod a kanta kafin na zauna.

Ya kwance murfin ya leƙa. "Matar Yaya, babban allon ne ya ƙone, madabod. Amma fayilolinsa suna nan lafiya."

Ya sa sabon allo. Da ya zo kan katin hoto, wanda ke zana duk abin da ake gani a sikirin, sai ya ɗaga shi da yatsa biyu yana dariya.

"Wannan ai sa'an kakanmu ne. Bari in sa miki na zamani."

Ya sa na zamanin. Manhajar zanen ta buɗe, amma gidan ya fito baƙi ƙirin, ba bango ba ƙofa, daga nan ta rufe kanta.

"Manhajar Yaya ma tsohuwa ce," ya ce yana sosa ƙeya. "Da katinta kawai ta saba."

"To mayar mata da abinta, sarkin iyawa."

Ya mayar. Ƙaramar fankar katin ta fara wani kuka siriri, sai hawaye ya cika mini ido, don wannan kukan nake ji daga ɗaki duk lokacin da Baban yara yake aiki. Sikirin kuwa duhu, ko ɗigon haske babu. Sabon allon ya ƙi karɓar tsohon katin.

"Shi ke nan?" na tambaya.

"Ki kwantar da hankalinki. Allunan yanzu girman kai gare su, ba sa kula tsofaffi sai an yi musu magana."

Ya sake cire katin, ya jona wayar sikirin a jikin allon kansa, ya kunna yana ta danna maɓalli ɗaya har wani shafi mai tarin rubutu ya fito. Bayos ya kira shi, wai nan ne kwamfuta ke karɓar umarni kafin ta farka. Ya kashe tsaron da ke korar tsofaffin kaya, ya kunna tsohon salon tashi, ya ce mata ta fara neman hoto daga katin. Ya adana, ya kashe, ya mayar da katin mazauninsa.

Haske ya kawo! Amma komai ƙato-ƙato, dishi-dishi. Saura direba, in ji shi, wato manhajar da ke yi wa katin tafinta. Ya nemo tsohuwar da ta dace ya ɗora, hoto ya washe. Kafin in ce madalla sikirin ya ƙifta, ya sake dushewa. Ashe Injiniya ya manta wayar intanet a jiki, kwamfutar ta yi gaban kanta ta sauko da wata direbar ta danne tamu.

"Kai dai har yanzu rediyo kake gyarawa," na ce. Raina ya ɓaci da gaske.

Ya fizge wayar, ya goge direbar, ya sake daga farko, gumi na bin wuyansa. Sai a lokacin na tuna cewa shi ma yayansa ya rasa.

Wannan karon gidan ya tsaya da ƙafarsa. Ƙofa ruwan ƙasa, baranda, inuwar bishiya a bango. Ya miƙo mini maus, linzamin kwamfutar, ya nuna mini yadda zan yi gaba. Na shiga falo, na wuce ɗakin yara, na tsaya a kicin ina kallon taga. Kewar Baban yara ta taso mini.

Injiniya ya matso ya ƙura ido. "Af, idon mai kallon ya yi ƙasa da yawa. Dubi yadda ƙofofin suka yi tsawo. Yaya dogo ne, ba haka zai riƙa gani ba. Bari in ɗaga."

Ya buɗe saitin, ya karanta tsayin da aka sa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, sai ya janye hannunsa a hankali.

Ni gajeriya ce, a kafaɗar Baban yara nake tsayawa. Duk shekarun da ya yi yana zaga gidan nan shi kaɗai, da tsayina yake kallonsa.

"Bar shi haka," na ce.