Ƙaramar Lamba

Gwangwanin biskit ɗin ya kife a kan teburin gareji, takardun banki suka bazu har kan gwazar da Sinalei take ferewa.

"Haba Baba! Abincin rana ne fa."

"Rabu da gwazar nan, 'yar boko. Zo ki karanta min ta wannan watan," in ji Pelenato, yana washe baki kamar wanda ya ci jarrabawa.

Shekararsa ashirin da biyu yana yankan kaji a wata masana'anta a bayan garin Logan, a tsaye, cikin ɗakin sanyi. Gwiwoyinsa sun gaji da shi. Da safe sai ya dafa bango kafin ya miƙe, kuma ya ɗauka 'yarsa ba ta gani. Ya daɗe da yi wa kansa alkawari cewa ranar da ya gama biyan katin bashi, ranar zai ajiye aiki. A lissafinsa, Disamba ce.

Bashin kuwa na jana'izar matarsa ne, mahaifiyar Sinalei. Shekara shida da suka wuce dangi suka cika gidan nan, daga Auckland, daga Apia, kowa da tabarmar alfarma da ambulan ɗin kuɗi. Wanda ya kawo kuma ba a sallamarsa hannu rabbana. Sai da katan-katan na naman gwangwani, da kuɗin mota, da rabon fastoci. Pelenato ya je injin cire kuɗi kwana biyar a jere, ya ciro dala dubu tara a katin. Har yau ana labarin wannan jana'iza a coci.

"Ban taɓa yin latti ba, ko sau ɗaya," ya ce, yana nuna littafinsa mai bangon ja. "Na ba su kusan dubu goma sha biyu. Tara nasu, uku kuɗin ruwansu, mun rabu lafiya. Kin ga ma, da ɗari da tamanin suke cewa in kawo, yanzu ɗari da hamsin. Su ma sun san an zo ƙarshe."

Sinalei ta goge hannu a zani ta karɓi takardar. Ƙaramar lambar da yake nufi tana nan a sama, an yi mata gida mai launi don kada ido ya wuce ta. Babbar tana gefe: dubu bakwai da ɗari biyar. A can ƙasa kuma, da rubutun da sai mai ƙuruciyar ido, banki ya faɗi gaskiyarsa ba kunya. In aka ci gaba da biyan ƙaramar lamba kaɗai, sai bayan shekara arba'in da 'yan kai za a gama.

Mahaifinta yana da shekara sittin da uku.

"Baba, wannan babbar fa?"

"Wannan ai tasu ce ta ofis. Ni abin da suka ce in biya nake biya." Ya leƙo fuskarta. "Ko da matsala?"

Ta dubi hannunsa a kan tebur, yatsun da sanyi ya tanƙware. Tausayinsa ya kama ta, haushin masu takardar kuma ya biyo baya. Mutumin da bai taɓa cin sisin kowa ba, shekara shida yana kai musu kuɗin ruwa yana godiya.

"Babu," ta ce. "Lissafinka daidai ne. Disamba."

Ya buga tebur. "Na gaya miki! Da uwarki cewa take ban iya lissafi ba."

* * *

A gidan kula da tsofaffi inda take aiki, hutun rana minti talatin ne. Minti goma sha biyu suka ishe ta. Ta zauna a cikin mota da wayarta, ta nemi kati a wani bankin, irin wanda ake kwaso masa tsohon bashi. Shekara guda babu kuɗin ruwa, bayan nan su dawo da ƙarfinsu. Sun tambayi albashinta, ba su tambayi komai game da danginta ba, tambayar da ya kamata su fara yi. Suka ba ta katin dubu goma, har da taya murna. Ta kwaso bashin mahaifinta gaba ɗaya a kai, ba tare da saninsa ba.

Ta yi lissafi a bayan rasit ɗin mai. In ta karɓi aikin Asabar da Lahadi, ta haƙura da karatun jinyar da ta so farawa, ta saka dala ɗari shida da ashirin da biyar duk wata, za ta fita kafin shekarar ta cika. Da ƙyar, amma za ta fita. Sharaɗin ɗaya ne, kada ta taɓa sauran dubu biyu da ɗari biyar ɗin, musamman a injin cire kuɗi, inda ruwa ke fara hawa tun ranar.

Takardar Disamba ta zo wa Pelenato da sifiri. Ya kai ta coci a aljihun riga.

* * *

Ranar Asabar ta walimar ajiye aiki, tun hantsi hayaƙi ke tashi daga duwatsun gasa abinci a bayan gida. Gwaza da madarar kwakwa, kaji, ayaba, garejin ya cika har bakin titi. Pelenato ya sa almakashin kicin ya datse katinsa biyu a gaban jama'a, mata suka ɗauki waƙa. Ya ma taka rawa, taku uku, kafin gwiwa ta tuna masa. Sinalei ta yi dariya har da hawaye, kuma dariyar ta gaske ce.

Ana cikin rabon abinci ƙanwar Pelenato, Gwaggo Falesoa, ta dawo daga amsa waya, fuskarta a jiƙe. Yayansu na can gida, a tsibirin Savai'i, ya rasu da safiyar nan.

Aka yi kuka, aka yi addu'a. Kafin abinci ya huce Gwaggo ta riga ta fito da biro, ta juya wata ambulan.

"Kowane gida dubu biyu na jana'iza, tsaba, kafin Litinin." Ta ɗago ta dubi yayanta. "Kai Pele, tunda ka zama ɗan zaman kashe wando, ko a rage maka?"

"A rage wa wa? Falesoa, ki kiyaye ni. Gidan nan babu bashin kowa a kansa. Rubuta mu cif."

Ya juyo wajen 'yarsa, ya sauke murya yadda ita kaɗai za ta ji, ya ɗora tafinsa a kan nata.

"Akwai dai ko, Sina? Yayana ne. Shi ya goye ni."

Sinalei ta dube shi. Kalma ɗaya za ta faɗa, ranar Litinin ya koma ɗakin sanyi yana roƙon a mayar da shi. Ta san shi.

"Akwai, Baba."

"'Yar albarka," ya ce, ya share ido da bayan hannu.

* * *

Injin cire kuɗin yana jikin bangon kantin unguwa, rana ta buɗe a kansa. Da ta iso ta tarar da mutum a gabanta. Tuiafono ne, babban ɗan Gwaggo, direban babbar mota mai 'ya'ya huɗu, har yanzu da furen walima a wuyansa. Ya sa kati, injin ya dawo masa da shi. Ya zaro na biyu daga walat.

Ta ciro sabon katinta ta riƙe. Da ya gama ya ninke kuɗin, ya matsa mata gefe, idonsa a ƙasa.