Baba Sifana Ya Ƙi Zaman Ofis

Shekara talatin da ɗaya Baba Sifana ya yi yana gyaran mota a rumfarsa ta bakin titi kafin motoci su fara fin ƙarfinsa. Sai a kawo masa sabuwar mota, ya kasa kunne ya ji injin na tafiya sumul, amma ga wata 'yar fitila a gaban direba ta ƙi mutuwa. Ranar da ya sallami mota ta uku a mako guda, ya ce a kai wa masu kwamfuta, ya koma gida ya shaida wa matarsa zai shiga kwaleji.

"Da wannan furfurar?" in ji ta.

"Ai ba furfurar ce za ta riƙe biro ba."

Kwalejin ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin sayar da motoci: kwana uku ɗalibai na aji, kwana biyu suna garejin kamfanin. Ajin bai ba shi wahala ba. Sa'o'in 'ya'yansa suka yi dariyarsu ta mako guda suka gaji. Malama mai koyar da lantarkin mota kuwa ba ta raga masa ko kaɗan, shi ya sa ma jininsu ya haɗu.

A garejin ne aka samu cikas. Shugaban wurin Dogo ne, wanda ya yi shekara shida yana koyon aiki a rumfar Baba. Yana hango shi cikin layin ɗalibai ya taho da sauri, ya durƙusa a gaban kowa, ya karɓi jakarsa, ya kai shi ofishinsa mai bangon gilashi. Ga kujera mai laushi, ga sanyi, ga shayi.

"Baba, ka huta abinka. Takardar aikin ai ni ke sa mata hannu."

Ranar farko ya ɗauka karramawa ce, ya sha shayin. Rana ta biyu ma haka. Ta cikin gilashi yana kallon abokan karatunsa suna jona na'urar gwaji a jikin mota suna karanta abin da ta nuna, shi kuwa hannuwansa na kan cinya kamar mai jiran likita. A rana ta huɗu ya sa rigar aiki ya fito. Dogo ya tare shi a ƙofa.

"Baba, don girman Allah. In aka ga maigidana a ƙarƙashin mota, ni ina tsaye a kansa da takarda, me za a ce da ni?"

"Sai a ce yana koyon aiki."

"Ba zan iya ba. Kunya ba za ta bar ni ba."

"To ka riƙe kunyarka, ba ni takardata."

Washegari ya ajiye takardar a teburin Malama, ya ɗora yatsa a kan sa hannun Dogo guda huɗu.

"Malama, waɗannan ba gaskiya ba ne. Ko kusoshi ban kwance ba. Shayi na sha."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, in na soke su, sai ka rama kwanakin a lokacin hutu. Kuma dole in kira kamfanin."

"Soke. Ban rufe rumfata don a ba ni sadakar takardar shaida ba."

Ta ja layi huɗu da jan biro, ta ɗauki waya.

Da ya koma garejin, Dogo ya gaishe shi a tsaye, fuska ba walwala. Ashe manajan kamfanin ya wanke Dogo tas saboda wayar Malama. Dogo ya nuna masa wata farar mota mai aiki da fetur da lantarki, ya ce a nemo abin da ya hana ta caji.

Baba ya jona na'urar kamar yadda aka koya musu, ta nuna masa inda zai duba. Daɗi ya kama shi. Ya buɗe bonet, hannunsa ya yi gaba da kansa kamar yadda ya saba shekara da shekaru, ya nufi wata waya mai kauri ruwan lemo, ba safar roba, ba a kuma kashe babban batirin ba.

Dogo ya fizgo shi ta wuyan riga, har sai da ya faɗi zaune a ƙasa.

"Kai wane irin mutum ne? So kake ka mutu a hannuna?"

Sai a lokacin Dogo ya ji da wa yake magana, ya fara laluben kalmar ban haƙuri. Baba ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Ya san irin wutar da wayar nan ke ɗauke da ita, a aji an faɗa musu ya fi sau goma.

"Me doka ta ce a yi wa ɗalibin da ya yi haka?" ya tambaya.

"Ya bar filin aiki na yini guda," in ji Dogo a hankali. "A kuma rubuta masa."

"To rubuta."

Dogo ya rubuta. Ya nuna ofis da ido, ko Baba zai shiga ya zauna. Baba ya wuce ta gaban ƙofar ya fita waje, ya zauna a bencin da direbobi ke jira, ya ciro littafinsa ya buɗe babin kashe batir. Yana bin layin da yatsa, bakinsa na motsi, har aka tashi.

Da yamma matarsa ta tambaye shi yadda aiki ya kasance.

"An kore ni na yini ɗaya," ya ce, yana wanke hannu a bakin famfo. "Ki tashe ni da wuri jibi, akwai farar motar da ban gama ba."