Fayil Mai Koren Zare

Shekara talatin da ɗaya ina masinja a babbar kotun ƙasa. Aji uku na yi a makaranta. Ina karanta suna da kwanan wata, sai 'yan kalmomin da ido ya saba da su. Aikina in jera kujerun alƙalai bakwai, in ajiye ruwa, in ɗauko fayil daga ofis zuwa zaure, in buga ƙofa sau uku in ce kowa ya tashi. A unguwa Alƙali na Takwas suke ce mini. Ban taɓa hana su ba.

Mijin 'yata Auta malamin makaranta ne, Ticha muke ce masa. A taron malamai ya miƙe ya soki sabuwar dokar da ta ba hukuma ikon tsare mutum ba tare da an tuhume shi da laifi ba. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka zo nemansa. Ya gudu ƙauye gidan gwaggonsa, inda ba wanda zai yi tunanin dubawa.

Ni na je na ɗauko shi.

"Baba, in na fito ba za su sake ni ba," ya ce.

"Kai malami ne, ba ɓarawon akuya ba. Ka miƙa kanka, lauya ya shigar da ƙara. Dokar nan ba za ta tsaya a gabanmu ba. Na san mutanen nan bakwai. Na san wanda ba ya shan ruwan sanyi, na san mai ciwon baya."

Gwaggon ta leƙo daga ɗaki. "To, Alƙali na Takwas, ciwon bayan ne zai sako mana shi?"

Ticha ya sa takalminsa ya biyo ni, don ba ya iya musu da surukinsa. Da hannuna na kai shi ofishin 'yan sanda.

Wata biyar kafin ƙarar ta iso wurinmu. Ranar sauraro, da sassafe, magatakarda ya miƙo mini fayil ɗaure da koren zare. A kotunmu fayil ɗin ƙara farin zare ne. Kore na hukunci ne, shi kuwa hukunci sai an yi makonni da gama sauraro.

"Ranka ya daɗe, yau sauraro ne," na ce.

"Tsoho, yaushe ka zama lauya? Ɗauki ka kai."

A kan matakala na kwance zaren. Ban taɓa yin haka ba sai ranar. Sunan Ticha ne a sama. A shafin ƙarshe sa hannu bakwai, kwanan watan na makon jiya. Da kalmomin da na sani sarai: an kori ƙara.

Ina tsaye lauyan Ticha ya hawo da littattafai cike da hannu, yana haki. Ya gaishe ni. Taku biyu ne tsakaninmu. Na amsa, na matsa masa ya wuce. Na mayar da zaren na ɗaure yadda na same shi.

A ƙofar zaure Auta na jira da goyo.

"Baba, ya ka ga fuskarsu yau?"

"Gyara mayafinki. Nan kotu ce."

Na ɗora fayil ɗin a gaban shugaban alƙalai. Awa uku lauyan yana magana, har muryarsa ta dushe. Shugaba yana gyaɗa kai, kofin ruwansa a kan fayil ɗin. Suka shiga ciki minti ashirin, suka dawo, shugaba ya kwance zaren ya karanta. Doka tana nan daram. Ticha zai ci gaba da zama inda yake.

Da alƙalan za su fita na ce kowa ya tashi. Rabin zauren bai motsa ba. Wani daga baya ya ce, "Tsoho, tashi kai kaɗai, kai suke ba albashi!" Aka yi dariya. Ticha ya miƙe. Da 'yan sanda za su wuce da shi ta gabana, ya rusuna.

"Baba, a gaida Mama."

A bakin get na ji mai shayi yana gaya wa direbobi cewa shi yanzu ko kaza aka sace masa, gara ya kai ƙara wurin mai facin taya. Da ya hango ni ya yi shiru. Gara ma ya ci gaba.

Washegari Auta ta same ni a tsakar gida ina goge takalmi. Ta durƙusa.

"Baba, lauya ya ce shafi arba'in ba ya rubutuwa a minti ashirin. Ya ce in mutum ɗaya daga ciki ya fito ya faɗi abin da ya gani, ƙungiyar lauyoyi za ta tashi, wataƙila a sake shi don a rufe maganar. Kai ka kai fayil ɗin. Ka ga wani abu?"

Uwarta ta daina tankaɗe, tana kallona.

"Ni masinja ne," na ce. "Ba na buɗe fayil."

Ta daɗe tana kallon takalmin da ke hannuna.

"Haka ne, Baba. Ka yi haƙuri, bai kamata in tambaye ka ba."

Ita ta ba ni haƙuri.

Wata tara ke nan da hukuncin. Auta ta dawo gidanmu da 'yarta, wadda ta fara tafiya uban bai gani ba. Duk Asabar tana kai masa abinci da wanki. In ta dawo takan ce yana gaishe ni, yana tambayar gwiwata. Tun safe nake shiri in bi ta, har in sa hula. In ta fito da kwanon, sai in ce mata ta gaishe shi.