Mai Jinyar Inna Balki

Guga bai kai ga ruwa ba Yalwa ta ji kiran.

"Sakiiina…"

Daga cikin rijiyar ya taso, siriri, da irin karkarwar muryar tsofaffi. Igiya ta suɓuce daga hannunta, sai da Mardiya, matar yayanta, ta yi saurin take ta da ƙafa.

"Ke lahiya?"

"Ba ki jiya ba? Inna na kira."

Mardiya ta waiga wajen gari. Rana ta take tsaka, duwatsun tudu sai walƙiya suke yi kamar an shafa musu mai. Gidansu yana can bayan duwatsun, inda ko ƙarar taɓarya ba ta isowa rijiya.

"Ba wanda ya yi kira, Yalwa. Ja ruwanki mu tahi."

Yalwa ta leƙa. Can ƙasa ta hango wata fuska doguwa mai zurmammun idanu tana kallonta. Ta jima tana kallo kafin ta gane tata ce. Ta bar bidon ɗinta, jarkar ruwan, a nan, ta kama hanyar gida da sassarfa.

Ta tarar da ƙyauren ɗakin a ɗaure da tsumma kamar yadda ta bar shi. Inna Balki tana kwance a tabarma, baki buɗe, tana barcinta.

*

Sakina ba sunan Yalwa ba ne. Sakina yayarta ce, wadda ruwan ƙorama ya tafi da ita wata damina, tun Yalwa tana goye. Ba a taɓa samun gawar ba. Shekara da shekaru Inna Balki ba ta ambaci sunan ba, sai da gigin tsufa ya kama ta. Daga nan ta manta mijinta da ya rasu, ta manta yadda ake ɗaura zane, ta manta Yalwa, amma sunan nan ya dawo bakinta daram. Da farko Yalwa takan ce, "Ni ce Yalwa, Inna." Sai tsohuwar ta fashe da kuka, ta ce an shigo mata da baƙuwa. Daga baya Yalwa ta haƙura, tana amsawa.

Daga ɗakin aurenta a Bangi ta zo ƙauyen nan na gefen Ibohamane, da nufin ta yi kwana biyu ta koma. Yayanta Issa yana ci-rani a Abijan, matarsa Mardiya na fama da yara, sauran dangi kowa ya ce ai ɗiya mace ita ta san jikin uwarta. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Mijinta ya gaji da jira, ya aiko mata da kayan ɗakinta a motar kasuwa, ya riƙe ɗansu.

Ita ke yi wa Inna wanka, ita ke kwashe kashinta, ita ke tsince tuwon da take ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma. Tsohuwar ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. Da Yalwa ta runtsa sai kira, da ta kai loma baki sai kira. Har ta saba da ci a tsaye, daga baya ma ta saba da rashin cin.

Masu dubiya ba sa yankewa. Su tsaya a bakin ƙofa su ce, "Ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Su ce, "Allah shi ba ki lada," su juya. Kawu Rabo, ƙanin mahaifinta, wanda har yanzu bai saki al'adun kakanni duka ba, ya ce Doguwa ce, aljanar ƙoramar da ta ɗauki ɗiyar, take neman uwar, a yanka baƙar akuya. Liman ya ce a bar wannan zance, ya aiko da rubutu. An yanka akuyar a ɓoye, an sha rubutun a fili. Duk maganin da ya shigo gidan na Inna ne.

Wani yammaci, ana tsakiyar bazara, Yalwa na yanke wa tsohuwar farce sai ta ga ta kafa wa ƙofa ido tana murmushi.

"Shigo mana," in ji Inna Balki, da wata murya mai taushi da Yalwa ba ta taɓa ji ba. "Duba yadda kinka jiƙe. Shigo ki sha wuta."

Yalwa ta juya a hankali. Babu kowa. Amma a kan dokin ƙofa akwai wani duhu-duhu, kamar sawun ƙaramar ƙafa mai laima. Ta rarrafa ta taɓa wurin. Yatsunta suka gaya mata a bushe yake, idonta ya ce a jiƙe. Ta rasa wanda za ta yarda da shi. Ta koma ta ci gaba da yankan farcen, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

*

Ranar kasuwar Ibohamane suka ɗora Inna a amalanken jaki zuwa gidan likita, domin ƙafafunta sun kumbura. Majo ɗin wurin, wato shugabar masu jinya, wata mace ce gajeriya mai tabarau, sunanta Fiddausiya. Ta auna tansiyon tsohuwar, wato hawan jini, ta duba ƙafafun, ta rubuta magani. Maimakon ta sallame su, sai ta kwance abin awon ta miƙo wa Yalwa hannu.

"Kawo naki hannun."

"Ni lahiyata lau. Ita ce marar lahiya."

"Na gani. Kawo dai."

Ta auna. Sannan ta cire tabarau ta dube ta.

"Mi sunanki?"

Yalwa ta buɗe baki, sai ta tsaya. Sunaye biyu suka zo mata tare, sai da ta zaɓa. "Yalwa."

"Yalwa, yaushe rabonki da ki yi kwana har ki tashi don kanki?"

Tambayar ba ta da wuya, amma tun da ta baro Bangi ba wanda ya yi mata irinta. Sai ga hawaye, sai ga magana tana zuba: muryar rijiya, sawun bakin ƙofa, da yadda wani lokaci takan tsinci kanta tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu ba ta san abin da ya fito da ita ba.

"Majo, ko dai ni ma Doguwar ta kama ni?"

"Ba abin da ya kama ki sai gajiya. Kan ɗan adam in an hana shi kwana, shina jin abin da babu, shina ganin abin da babu. Ba ke ɗaya ba ce." Ta dafa gwiwarta. "Ji nan. Kullum ki samu wani lokaci wanda naki ne, ko tsakanin azahar da la'asar, wani ya zamna da ita. Ki ci abinci kahin ki ba ta. Kuma ranar kasuwa akwai mata masu jinya irinki da ke haɗuwa bayan ɗakin nan, ƙarƙashin iccen bedi. Ba a yin komi sai hira. Ki taho."

"Mutane su ce na gaji da uwata?"

"In kin faɗi, wa za shi ɗauke ta?"

Da suka koma gida, Mardiya ta kira Issa a tarho ta miƙa mata. Yalwa ta yi bayani tana inda-inda. Daga can ana jin hayaniyar motoci.

"Hutu?" in ji Issa. "Daga uwar da ta haihe ki za ki huta? Mu muna nan rana na cin ƙeyarmu, ke kina inuwa kina kwasar lada. Wagga likita ita ta goya ki?"

Ya kashe. Mardiya ta karɓi tarhon tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Ki tahi ranar kasuwa. Ni zan zamna da ita. Ba sai ya sani ba."

*

Ranar kasuwa ta tarar da su ƙarƙashin bedin, mata ne ba su da yawa, a kan tabarmi biyu. Akwai wadda mijinta ya shanye, akwai wadda ɗanta ke farfaɗiya, akwai wata tsohuwa da ke jinyar wadda ta fi ta tsufa. Ba wanda ya yi wa Yalwa wa'azi. Matar mai shanyewar jikin ta ba da labarin ranar da ta zuba gishiri a shayi ta zuba sukari a miya, mijin kuma ya shanye ya cinye don tsoron kada ta yi fushi ta tafi. Aka kwashe da dariya. Yalwa ta ji wani sauti ya fito daga ƙirjinta, a shaƙe, kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. Sai da ta dafe baki.

Wata ta zare mata ɗankwali, ta ga kan ya cukurkuɗe. "Subhanallahi! Zo nan." Ta ja ta tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsifa tana yi mata kitso. Yatsun na tafiya a kan fatar kanta, inuwar bedi na motsi, ana ta hira sama-sama. Yalwa ta kasa kunne ko za ta ji kiran nan. Babu. Sai kukan kurciya da hayaniyar kasuwa daga nesa.

Ba ta san lokacin da kanta ya kwanta a cinyar matar ba. Su kuwa da suka ga yadda take barcin, ba wadda ta iya tashinta.

Kiran la'asar ya farkar da ita. Jikinta sakayau, duniya ta yi haske kamar an wanke ta. Ta sayi ƙosai a bakin kasuwa, ta ci biyu a hanya, ta ƙulle sauran don Inna.

Tun daga kan tudu ta hango taron. Ba a ƙofar gidansu ba, can gangare, wajen ƙorama.

Ƙaramin ɗan Mardiya ne ya ƙone da ruwan zafi, ta fita da gudu, ta manta ba ta ɗaure ƙyaure ba. An yi ta neman tsohuwar cikin gari da gonaki. Masu kiwo suka gan ta a tsakiyar busasshiyar ƙorama, babu zane, durƙushe cikin rairayi mai zafi tana tono da hannuwa. Ramin ya kai gwiwar hannunta. Farcenta biyu sun cire.

"Tana nan ƙasa," take ta faɗa, maza na ɗaga ta. "Na ji ta. Ku bar ni, sanyi take ji."

Yalwa ta ratsa taron ta kwance mayafinta ta rufe uwarta. Garin haka ɗankwalinta ya zame. Kawu Rabo ya dubi sabon kitson, yana sheƙin mai, ya dubi ƙullin ƙosan da ke hannunta.

"An yi kitso," ya ce.

Kafin magariba maganar ta zaga gari. Ta bar uwarta ta tafi yawon kasuwa. Ai bazawara ce, miji take nema. Mardiya ta yi kuka ta ce laifinta ne, ba wanda ya saurare ta, domin ba ita Inna Balki ta haifa ba. Washegari Issa ya turo saƙon murya, aka kunna shi a tsakar gida gaban mutane: in wani abu ya sami Inna, shi da Yalwa har abada.

Yalwa ta saurara har ƙarshe. Ta shiga ɗaki ta jawo ƙyaure. Tun daga ranar ba a sake ganinta a rijiya ba. Mardiya kan ajiye ruwa da tuwo a bakin ƙofa, wani lokaci ta dawo ta tarar an ɗauka, wani lokaci ta tarar kaji sun rufe kwanon. Mutanen gari suka ce yanzu kam ta yi hankali.

*

Kasuwa ta ci, ta sake ci, Majo Fiddausiya ba ta ga Yalwa a ƙarƙashin bedi ba. Ranar da aikin rigakafi ya kawo ta ƙauyen, ta jingine babur ɗinta ta tambayi gidan.

Hantsi ne, amma sashen shiru kamar an yi ƙaura. Murhu ya yi sanyi, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin turmi. Ta yi sallama sau biyu, ta tura ƙyauren.

Sai da idonta ya saba da duhun ɗakin. Mata biyu ne a kan tabarma, duka ramammu, duka kai ba ɗankwali, har ta ɗan yi jim kafin ta bambance su. Yalwa na kwance a takure, gwiwoyi a ƙirji, idanu buɗe suna kallon bango. Leɓunanta na motsi ba sauti. Majo ta durƙusa ta kira sunanta, ta kama hannunta. Hannun da zafi, amma ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Inna Balki ce zaune a kanta. Ta ɗora hannunta mai ɗaure da tsumma a bayan Yalwa, tana bubbugawa a hankali, yadda ake lallashin jariri. Ta ɗago ta dubi baƙuwar da idanu tar, ta sassauta murya kamar mai gudun tada mai barci.

"Baiwar Allah, ko kin san ɗiyar wa ce wagga? Ba ta da lahiya. Tun yaushe take nan kwance, ba wanda ya zo nemanta."

Tsohuwar ta mayar da kanta ƙasa, hannun ya ci gaba da sauka a bayan, a hankali, a hankali.