Benci a Kasuwar Asabar

Turai na tsakiyar matattakala, rungume da tandar masa, sai ƙofar ƙasa ta buɗe, mijinta Ja'afar ya shigo da sanyin waje a jikinsa. Daga aikin kwana yake a asibiti. Ya dubi tandar, ya dubi bokitin ƙullun da ta riga ta sauke, ya tura ƙofar da ƙafa.

"Ashe da gaske kike."

"Sannu da zuwa, Abban Jannat. Matsa min, nauyi gare ta."

Bai matsa ba. Ya rage murya saboda masu flat ɗin ƙasa. "Turai, uwata ce fa. Mutanenmu nawa ke zuwa kasuwar nan? Kafin azahar hoton ya kai Birmingham, kafin la'asar yana Zariya. Ga uwar likita can tana suya a titi."

"Da suyar aka yi likitan."

"Shi ya sa na ce ta huta."

"Wannan ne hutu? Tun da sanyi ya shigo ba ta taka ƙofar nan ba. Likitan da ke duba ta ya ce ta riƙa fita, kai kuma ka ƙaro mata bargo."

"Ita ta ce gida take so. Litinin zan yanki tikiti."

"Wane gidan? Wanda 'yan haya suka cika? In ciwon ƙafarta ya tashi, wa zai kai ta asibiti? Ka ba ni yau kaɗai. In bai yi ba, ka yanka."

Ya shafa fuska, gajiya ta fi ƙarfin gardama. Ya raɓa ya wuce sama.

Shekara guda Turai ta yi a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, tana binciken digirinta a kan tsofaffin kasuwanni. Saboda tafiyar ne aka ɗauko Inna Suwaiba, uwar Ja'afar, daga Zariya, ta zo unguwarsu ta Whalley Range ta riƙe musu 'yarsu Jannat. Da Turai ta dawo sai tsohuwar ta ga aikinta ya ƙare. Ta koma kujerar da ke kusa da hitar ɗumama ɗaki, carbi a hannu, labule a sauke, tana ramewa a hankali.

Turai kuwa ta dawo da birnin a ranta. Ta ga lokacin da furanni ke zubowa mutane a ka a bakin kogi kamar audugar rimi. Ta ga damina, yadda ruwa na sauka ake cika rumfunan masu waina, don a wurinsu ranar ruwa ranar suya ce. Da kaka ganyen titi ya koma ruwan ɗorawa, tsofaffi suka tara kabeji a ƙofar gida suna cuɗa shi da barkono, na shekara guda. Da sanyi ya kama, sai ga masu gasa dankali a cikin duro a bakin tashar jirgin ƙasa. A unguwar Insadong ta bi lunguna na masu takarda da alƙaluma da shayi, ga dogayen benaye na gilashi a kansu, ba wanda ya ce a rushe lungun don ya tsufa.

Amma kasuwar Gwangjang ce ta fi tsaya mata. Mata sa'o'in Inna suna markaɗa wake a dutse, kamar za a yi ƙosai, suna soya shi faifai-faifai, hotunansu a manne a saman rumfa. Manyan ma'aikata da kwat suna matsuwa a benci ɗaya da ɗalibai, kowa Goggo yake ce wa mai suyar. Abin da ke ƙona wa Turai rai ke nan. Can suna alfahari da hannun da ya ciyar da su. Mu kuwa a gida katafila ake turo wa mai tuya, a kafa shagunan da ba mai shiga. A nan kuma yaro na samun digiri sai ya ɓoye tandar uwarsa a ƙarƙashin gado, ya kira abin darajantawa.

Kullum da yamma Turai kan miƙa wa Inna waya ta kalli bidiyon kasuwar. Inna takan daɗe tana kallo, ta ce, "Allah sarki." Ba ta taɓa ƙara kalma a kai ba, Turai ma ba ta tambaya ba, don tsakanin suruka da suruka magana ba ta tsawo. Ita dai ta yanke cewa kewar tanda ce ke cin tsohuwar. Ta yi kwas ɗin tsaftar abinci, ta yi rajista da ƙaramar hukuma, ta kama rumfa a kasuwar Asabar ta Levenshulme. Inna kuwa abin da aka gaya mata shi ne ta yi rakiya kasuwa.

Suka ajiye Jannat a Islamiyya suka bi Stockport Road. Inna na baya, ta naɗe da mayafi a kan rigar sanyi, ƙamshin ƙullu ya cika motar. 

A filin kasuwar an riga an kafa rumfuna, numfashin mutane na fita kamar hayaƙi. Turai ta haɗa gas, ta ɗora tanda, sannan ta warware allon da ta sa aka rubuta, ta rataye shi tana murmushi.

"Me aka rubuta?" in ji Inna.

"Masar Inna. Rumfarki ce. Kamar na matan nan da nake nuna miki."

Inna ta dubi allon, ta dubi tandar da ta fara zafi. Ta janye hannun rigarta na dama har gwiwar hannu. Tabon mai ne birjik, tsoho a kan tsoho.

"Maman Jannat, kin tambaye ni?"

Turai ta tsura wa tabon ido.

"Tun Likita na goye nake gaban wutar nan. Hayaƙinta ne ya cinye min ido. Ranar da na kife tanda na roƙi Allah kada ya sake tsayar da ni a gabanta." Ta sauke hannun rigar. "Ban ce kin yi don cuta ba. Amma ba zan soya ba."

Inna ta juya baya. Wani Bature da matarsa sun riga sun tsaya suna karanta allon, suna tambayar ko mene ne. Turai ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa. Ta yi shekara tana yi wa matan Seoul tambayoyi ta bakin tafinta, ba ta yi wa wadda suke kwana gida ɗaya ko ɗaya ba. Ta zuba mai a gurbin tandar, ta ɗebi ƙullu. Ƙullu ba ya jira, kuma Litinin na nan tafe.

Layi ya ɗan taru. Tana juya masa tana satar kallon Inna, wadda ta tsaya a gefe ta jingina da ƙarfen rumfa, ƙafar na damunta. Turai ko kujera ba ta zo da ita ba, don a tunaninta mai suya ce ta kawo.

Rumfar da ke kusa ta wata 'yar Koriya ce mai suna Bethany, wadda ke tasowa daga Birmingham duk Asabar. A wurinta Turai ta fara jin labarin kasuwar. Bethany na da dogon benci a gaban kaskonta, an shimfiɗa masa bargo. Ta leƙo ta ga tsohuwa a tsaye, ta zagayo, ta ɗan rusuna, ta nuna mata bencin da hannu biyu. Inna ta noƙe. Bethany ta kama gwiwar hannunta a hankali ta zaunar da ita, ta ɗora mata gorar ruwan zafi a cinya. Sannan ta ɗauko waina mai zafi daga kasko, ta ninke ta a kofin takarda, ta miƙa mata, shi ma da hannu biyu.

Inna ta waiwayo. "Tambaye ta, ba alade?"

"Babu, Inna. Fulawa ce da sukari da kirfa da gyaɗa. Hotteok suke ce mata, abincin sanyi ne."

Inna ta riƙe kofin tana ɗumama hannu. Turai ta san ba za ta ci ba. Dattijuwa ba ta ci a kasuwa. Wannan sai yara da marasa ta-ido. Ta koma kan tandarta.

Da layi ya tsagaita ta ɗago kai. Inna ta ja mayafi ta kare baki, muƙamuƙinta na motsi. Can sai mayafin ya zame, ba ta mayar ba. Narkakken sukari ya zubo mata a yatsa, ta lashe. Wata tsohuwar Baturiya mai sanda ta zauna kusa da ita, suka gyaɗa wa juna kai.

Turai ta rage wuta ta ƙarasa, ta durƙusa a gefen bencin. "Inna, ki yafe min."

"Tashi, ƙasa da sanyi." Inna ba ta dube ta ba, kaskon take kallo. "Cikin wayar nan taki, ni ba masu suyar nake kallo ba. Waɗannan na san halin da suke ciki, ƙafarsu na kumbura kamar tawa. Tsofaffin da ke zaune nake kallo. Mace da furfurarta, ta fito ita da ƙawarta, ta zauna a tsakiyar kasuwa, a soya a miƙo mata, ba mai kallonta. Ni duk zamana a bakin titi ban taɓa zama ta wannan gefen ba." Ta matsa. "Zauna."

"Inna, ni?"

"Ce mata ta ba ki ɗaya."

Tun da aka kawo ta gidan, Turai ba ta taɓa kai loma baki a gaban uwar mijinta ba. Ta zauna a ɗofane, ta karɓi kofin, ta sunkuyar da kai.

A haka Ja'afar ya same su. Barcin ya ƙi zuwa, ya biyo su a bas, hular sanyi har gira. Ya tsaya yana duban allon, da tandar da ba kowa, da uwarsa tana tauna a bainar jama'a.

"Inna, me ke nan? Mutane fa na wucewa."

"Su wuce. Likita, masar can za ta ƙone, je ka juya mata. Muna cin abinci."

Ya dubi hagu da dama. Ya dubi Turai, ita kuwa ta ƙi ɗagowa don kada dariya ta kufce mata. Ya zagaya bayan rumfar, ya wanke hannu, ya ɗauki cokalin.

Inna ta cinye, ta leƙa cikin kofin, ta ninke shi. "Kin ce na sanyi ne. In zafi ya zo fa, me take sayarwa?"

Turai ta tambaya. Bethany ta yi bayani tana kwatanta tudu da hannu.

"Wai ƙanƙara ake gogawa ta yi laushi kamar gari, a zuba madara, a ɗora dafaffen wake mai zaƙi a kai."

"Wake?"

"Wake, Inna."

"A kan ƙanƙara." Inna ta girgiza kai. "Wannan kam sai na gani da idona."

Turai ta haɗiye abin da ke bakinta. Ta yi maganar a hankali, tikitin Litinin na ranta. "Ba ta fara shi sai Yuli."

"Na ji," in ji Inna. Ta gyara gorar ruwan zafin a cinyarta, ta miƙe ƙafar mai ciwo. "Ce mata ta ƙaro ɗaya. Kada ta cika sukari."