Sarewar Maniru

Mainasara ya sake kafa baki a kan guntun ƙarfen ya hura, ba abin da ya fito sai iska. Isa, tsohon ɗan sandan da ke gyaran rediyo a kasuwar Shagari, ya miƙo hannu ya karɓa.

"Baba, wanga ai kai na kaɗai. Ina sauran?"

"Wane saura?"

"Sarewa ta, gaɓa ukku. Kai, da ciki mai maɓallai, da ɗan gindi. Sai an haɗa su taka magana."

Mainasara ya karɓi ƙarfen ya jujjuya shi. Ɗansa Maniru mai busa ne a badujalar 'yan sanda a Sakkwato, hatsarin mota ya ɗauke shi a farkon damina. Da aka kawo akwatinsa garinsu Kajiji, malamin da ya raba gado ya tarar da ƙarafa uku farare kwance cikin wani ƙaramin mazubi mai laushi. Magada kuma uku ne, uba da uwa da matar mamaci. Malam ya ga abu ya zo daidai wa daida, ya ba kowa ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ranar ba wanda ke da zuciyar yin tambaya.

Tun daga lokacin Mainasara ke hura nasa a gona, shi kaɗai, yana zaton bakinsa ne ya tsufa. Bai taɓa jin busar ɗansa ba. Ya yi fushi da aikin tun farko, ya ce gidansu ba a gaji roƙo ba. Yanzu kuwa ba abin da yake so a duniya kamar ya ji muryar abin nan ko sau ɗaya.

Isa ya nuna masa da guntayen kara. "Ka kama inda babu maɓalli. Murɗawa aka yi sannu, ba turawa ba. Hudar baki ta kalli maɓallin farko. Kuma hura bisa gefen huda, awa mai busa bakin kwalba."

Shekarar tsuke bakin aljihu ce, rabin motoci sun kwanta saboda rashin taya. Rana ta take kafin ya sami wadda ta kai shi Boɗinga, inda Hajara, uwar Maniru, take aure tun bayan rabuwarsu. A zaure ya tsaya. Ta fito ta tsuguna nesa da shi, ba ta ɗago kai ba har ya gama bayani.

"Da yana da rai ba ka so ji ba," in ji ta.

"Gaskiya ta."

Ta shiga ta daɗe, sannan ta dawo da cikin sarewar naɗe a kallabi. "Aro na ba ka, Mainasara. Shi kaɗai gare ni. Ka maido min."

Daga nan sai Dandin Mahe, wurin surukarsa. Atika, matar Maniru, ta fita takaba, kuma an ce jibi yayanta zai tafi da ita Gusau. Ta gaishe shi a durƙushe, ta kawo masa ruwa da ɗan guntun nata, wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba.

Ya shimfiɗa babbar rigarsa a kan cinya ya jera su. Ya murɗa kan a jikin cikin, ya ga hudar ta karkace, ya gyara. Ya juya gindin ta nan, ya juya ta can, har ya zauna. Abin ya miƙe dogo, fari, ya fi yadda ya zata nauyi.

Ya hura, iska. Ya sake, iska. Ya ji kunya ta kama shi a gaban surukarsa, tsoho da furfura yana fama da abin da ya hana ɗansa. Ya sassauta leɓe, ya hura a hankali. Sai wata murya siririya ta fito, ta yi rawa, ta tsaya da ƙafarta, ta cika zauren.

Atika ta rufe fuska da mayafi. "Haka yaka farawa kullum da safe, Baba. Da wagga murya."

Ya so ya ƙara, numfashi ya ƙi. Suna nan zaune har aka kira la'asar.

"Baba, in an raba ta, shi ke nan ta yi shiru?"

"Shi ke nan."

Mainasara mutum ne mai tsoron hakki, ko ƙwayar gero ta wani bai taɓa ci ba. Ya kama gindin sarewar don ya ba ta rabonta. Ya murɗa, ƙarfen ya motsa ba gardama, saura kaɗan ya fita. Ya tsaya. Sannan ya mayar da shi a hankali.

"Ta ƙi fita, ɗiyata," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ta cije."

Atika ta ga hannunsa sarai. Ta daɗe tana kallon tsohon, sannan ta ɗauki kwanon ruwan ta miƙe.

"To a bar ta, Baba. Kar a ji mata ciwo."